Yamai zuwa Jidda: Kilomita Ba Ta Ƙaru Ba, Me Ya Ƙara Awannin Tafiya?

 

Duk lokacin da aka buɗe rajistar maniyyata, akwai tambayar da ba ta wucewa a zaurukan bita: "Malam, awa nawa jirgi yake yi daga Yamai zuwa Jidda?" A da, tsofaffin alhazai ne ke amsawa. Yanzu kafin dattijo ya buɗe baki, wani ɗalibi ya latsa waya ya ce kilomita 4,000 ne, awa biyar. Wanda ya sauke farali a 'yan shekarun nan kuma sai ya ce shi dai ya ga awa bakwai da ɗoriya a kan kujera. Babu maƙaryaci a cikinsu. Waya ta auna abu ɗaya, jikin alhaji ya auna wani abu daban, kuma tazarar da ke tsakani tana taɓa kuɗin kujera, tana taɓa lafiyar tsofaffinmu, har ma da hukuncin salla da na ɗaura harami. Shi ya sa na ga ya kamata a warware maganar.

Adadin da waya ke bayarwa shi ne layi mafi gajarta a bayan ƙasa, kamar ka miƙe zare a bayan ƙwarya daga wani ɗigo zuwa wani. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda wajen kilomita 4,000 ne, zuwa Madina kuma wajen 4,100. Daga Kano zuwa Jidda wajen 3,400, daga Injamena wajen 2,800. In ka bi zaren nan daga Yamai, zai ratsa tsakiyar Nijar, ya shiga arewacin Cadi ta wajajen Faya, ya ƙetare arewacin Sudan, sannan ya haye Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja, in ya daidaita a sama, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ka haɗa da lokacin hawa da na sauka da ɗan jira, sai ka samu awa biyar zuwa biyar da rabi. Ɗalibin bai yi kuskuren lissafi ba.

Ko a lokacin zaman lafiya wannan adadi yana ɗan motsi. A can sama akwai iskoki masu ƙarfi: da damina, daga Yuni zuwa Satumba, iskar da ke saman yankinmu daga gabas take tahowa, don haka mai zuwa Jidda yana karo da ita, mai dawowa kuma tana tura shi. Zafin Yamai na watan Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, yana sa iska ta yi sakayau, jirgi mai nauyi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Wannan na cikin dalilan da ake fifita tashi da dare. Amma duk waɗannan mintuna suke ƙarawa ko ragewa. Abin da ya ƙara awanni daga ƙasa ya fito.

Sama ma tana da masu ita

Mutane da yawa suna zaton da zarar jirgi ya ɗaga, ya fita daga ikon sarakuna. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce tushen dokar jiragen farar hula a duniya, sakin layinta na farko ya ba kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyar da ke bisa ƙasarta. Jirgi ba ya ratsa ƙasa sai da izini, kuma yana biyan kuɗin ratsawa. Sannan an yanka sama yanki-yanki, kowane yanki da cibiyar da ke magana da matuƙa, tana raba su da juna. A wajenmu hukumar ASECNA ce ke wannan aiki tun 1959, tana da cibiya a Yamai da wata a Injamena, kuma makarantarta ta EAMAC da ke Yamai ta horar da masu wannan aiki daga ƙasashen Afirka da dama. Jirgin alhazai yana tashi a hannun Yamai, Yamai ta miƙa shi ga Injamena, Injamena ta miƙa shi ga Khartum, Khartum ta miƙa shi ga Jidda. Kamar ayarin da ne, da kowane zango ke damƙa shi ga na gaba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, wato 24 ga Ramadan 1444, zango ɗaya ya rushe. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, kuma filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Jirage sun ƙone a inda suke tsaye, har wani jirgin kamfanin Saudia da ke shirin tashi zuwa Riyad ya sha harsashi. Aka rufe sararin samaniyar Sudan. Abin bai tsaya nan ba, domin a lokacin saman Sudan ta Kudu ma daga Khartum ake kula da shi, sai da aka tsara hanyoyin wucin gadi. Duk wannan ya faru saura makonni kaɗan a fara jigilar alhazai.

To, ku ɗauko taswira, musamman ku ɗalibai. Cadi ba ta da iyaka da Masar. Duk wanda ya baro Cadi ya nufi gabas, ƙofa biyu ce a gabansa: Sudan ko Libiya. Libiya kuwa tun 2014 take cikin jerin wuraren da ƙasashe da yawa ke gargaɗin kamfanoninsu a kai, masu inshora ma ba sa maraba da ita. Wanda ya ƙi Libiya ya kuma rasa Sudan, sai ya zaɓi ɗaya daga cikin zagaye biyu. Ko ya haura Aljeriya ya fita Bahar Rum, ya gangaro ta Masar, wanda ke kaiwa wajen kilomita 5,700. Ko ya yi kudu ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya ɓulla ta Sudan ta Kudu ko Yuganda, ya hau Habasha, sannan ya juya arewa ya bi Bahar Maliya, wanda ke kaiwa kilomita 5,800 zuwa 6,300 gwargwadon inda aka bi. Ƙarin wajen kilomita 2,000 ke nan, awa biyu zuwa uku. Nan ne awa biyar ta zama bakwai ko takwas.

Daga baya, a watan Agustan 2023, hukumomin Sudan sun buɗe ɓangaren gabas, aka mayar da harkar jirage Port Sudan. A watan Maris 2025 soja suka karɓe filin jirgin Khartum, mutane suka fara sa rai. Sai ga shi a farkon Mayu 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari Port Sudan ɗin kanta kwanaki a jere, har da wajen filin jirgi. Hanyar mai tahowa daga yamma kuma ta saman Darfur da arewacin ƙasar take, inda wuta ba ta mutu ba. Saboda haka mai shirya tafiya bai kamata ya gina lissafinsa a kan layin waya ba, har sai kamfanin da zai ɗauke shi ya faɗa masa hanyar da aka ba shi izini.

Akwai abin da ke sosa mini rai a wannan taswira. Ƙasar da jirgi ke kewayewa yau ita ce ƙasar da kakanninmu suka taka da ƙafa. Daga Damagaram ko Kano su bi Barno, su shiga Fort-Lamy wadda ake kira Injamena yanzu, su wuce Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin a bakin teku, su shiga jirgin ruwa. Wani shekara biyu, wani bakwai, ana noma ana ƙwadago a hanya don samun guzuri. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa amma a dawowa suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi, bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau Hausawa da Fulani suna nan a Jazira da Gadarif da Kasala da sauran garuruwa. Ƙarin awa ukun da muke kuka da shi, a ƙarƙashinsa akwai miliyoyin mutane da suka bar gidajensu, da dubban ɗaruruwa da suka tsallako gabashin Cadi ta Adre, cikinsu har da danginmu na jini da na harshe. Wanda ya tuna wannan zai rage ƙorafin kujera, ya ƙara addu'a da taimako.

Wa ke biyan awa uku?

Jirgi ba ya tafiya da ruwan rijiya. Babban jirgi irin Boeing 747 yana shan wajen tan 10 na mai a awa, Airbus A330 kuma wajen tan 6. Mai shi kaɗai yana cinye rubu'i zuwa sulusin abin da kamfanin jirgi ke kashewa. Kowace ƙasa da aka ƙara a hanya tana da kuɗinta na ratsawa. Matuƙa da ma'aikata suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki, in tafiya ta tsawaita sai an ƙara mutane. Injin jirgi ma da awa ake lissafin gyaransa.

Sannan ga abin da mafi yawan maniyyata ba su lura da shi ba. Jirgin shata na Hajji yana tafiya cike ya dawo wayam, a lokacin kwaso alhazai kuma ya tafi wayam ya dawo cike. Wato kowace kujera ƙetarawa huɗu take biya, ba biyu ba. Ƙarin awa uku sau huɗu, awa 12 ke nan. Mu yi lissafin allo: kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijar 15,891 ne, in jirgi yana ɗaukar mutum 400, sawu kusan 40 ake buƙata. Sawu 40 sau awa 12, awa 480 ke nan na tashi da babu su a da. In jirgin mai shan tan 6 ne, an doshi tan 2,900 na ƙarin mai. Wannan kuɗi ba daga sama zai faɗo ba, a cikin kuɗin kujera zai ɓuya.

A Najeriya abin ya fito fili a 2023. Da aka zo sa hannu a kan yarjejeniyar jigila a farkon watan Mayu, kamfanonin cikin gida suka ja baya saboda rufe saman Sudan, sai da aka daidaita a kan ƙarin dala 250 a kowace kujera, kuma wani ɓangare na ƙarin ya faɗa kan guzurin alhazai. Ƙasa mai kujeru 95,000 a wannan shekarar, in an cike su, maganar ta haura dala miliyan 23. Talakan da ya sayar da shanu ko ya tara kuɗin albasa na shekara goma, shi ne ya biya wani kaso na yaƙin da bai san mafarinsa ba.

Tsawon tafiya kuma yana rage yawan sawu. Jirgin da ke zuwa ya dawo cikin awa 14, har da lokacin lodi da shan mai, yanzu yana buƙatar wajen awa 20. Saudiyya tana da ranar da take rufe filayenta ga jiragen alhazai kafin Arfa, ba ta ɗagawa don wani ya makara. In sawu ɗaya ya zame, duk na bayansa sun zame, sai ka ga mutane suna kwana a sansani da jakunkunansu. Wanda ya taho daga Difa ya riga ya yi sama da kilomita 1,300 a mota kafin ya ga Yamai, na Damagaram wajen 900. Awa nawa ce tafiyarsa? Waya ba ta san wannan ba. Ina ganin duk shekarar da aka iya tayar da alhazan gabas daga filayen yankunansu an rage musu wahalar da ta fi ta zagayen Sudan.

Gaskiya kuma ta wajabta mu faɗi cewa ba Sudan kaɗai ba ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta hana jirage shiga da fita Nijar, Nijar kuma ta rufe samanta ranar 6 ga Agusta, ba ta buɗe ba sai 4 ga Satumba. A wannan wata guda, da Sudan a rufe, Libiya ana gudunta, Nijar a rufe, sai aka samu shinge ya kusa raba Afirka biyu, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin nahiyar suka dinga dogon zagaye. Takunkumin CEDEAO bai tashi ba sai 24 ga Fabrairu 2024. A watan Afrilu 2025, bayan Aljeriya ta harbo wani jirgi mara matuƙi na Mali a wajen Tinzawatan, ƙasashen biyu suka rufe wa juna sama. Ba na shiga maganar wa ke da gaskiya a kowane rikici. Kowace hukuma tana da hujjar tsaro da take bayarwa, kuma tsaron ƙasa ba abin wasa ba ne. Abin da nake cewa shi ne rufe sama ya zama sanda ta farko da shugabanni ke ɗauka in sun yi fushi, alhali wanda sandar ke sauka a kansa shi ne mara lafiyar da za a kai asibiti, da ɗalibi, da ɗan kasuwa, da mai niyyar Umra. In takunkumi ya zama dole, ya kamata a tsame jigilar alhazai da ta marasa lafiya tun a rubutun farko, ba sai an yi ta roƙo daga baya ba.

Masu Umra da ke bin jirgin yawo sun fi kowa sanin cewa kilomita ba ta nufin komai. Wani abin mamaki: daga Yamai zuwa Jidda, da Yamai zuwa Addis Ababa, da Yamai zuwa Istanbul, duk nisansu kusan ɗaya ne, wajen kilomita 4,000. Wanda ya bi ta Addis Ababa, bayan ya cinye nisan da ya isa ya kai shi Jidda, saura kilomita 1,400 a gabansa. Wanda ya bi ta Istanbul saura sama da 2,300, ban da zaman jira. Tsakaninmu da maƙwabta ma haka: Yamai da Kano wajen kilomita 700 ne, Yamai da Injamena wajen 1,400, tafiyar awa biyu, amma sau da yawa sai an gangara Lome ko Abidjan tukuna. Tun da Air Afrique ta durƙushe a 2002 ba a cike giɓinta ba. An yi Shawarar Yamoussoukro a 1999, an ƙaddamar da kasuwar jiragen Afirka ta bai ɗaya a Addis Ababa a Janairun 2018, takardu sun yi kyau, aiki ya yi ƙaranci.

Wani zai ce, to jirgi yana can sama da kilomita 10, me yaƙin ƙasa zai yi masa? Haka aka ɗauka a Yukren har ranar 17 ga Yuli 2014, da makami mai linzami ya kakkaɓo jirgin Malaysia da mutum 298. Ranar 8 ga Janairu 2020 dakarun Iran suka harbo jirgin Yukren jim kaɗan bayan tashinsa daga Tehran, bisa kuskure, mutum 176 suka rasu. Kuma ko ba a harba komai ba, matuƙi yana buƙatar wanda zai yi magana da shi daga ƙasa, da filin da zai sauka in injin ya samu matsala ko wani fasinja ya faɗi. Ƙasar da ake yaƙi ba ta da ko ɗaya. Mu da kanmu muna da darasin gaggawa: ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama wuta ya faɗi, mutum 261 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Bincike ya nuna tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma bar shi ya tashi don kada a makara. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. Kada maniyyaci ko ɗan ajans ya matsa wa kowa a kan gajeriyar hanya.

Abin da ƙarin awanni ya canza a ibada

Nan ne na fi so malaman bita su tsaya, domin da yawa har yanzu suna karantarwa bisa tafiyar awa biyar.

Ƙasaru ba ta da matsala. Nisanta a mazhabarmu baridi huɗu ne, mil 48 kamar yadda ya zo a Risala, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma da nisa ake aunawa ba da wahala ko sauri ba. Jirgi yana cinye wannan cikin mintuna. Matsalar tana wajen lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, yana gaban na Gana da awa uku, kuma mai tafiya gabas rana gudu take yi masa. Ɗauki jirgin da ya tashi Yamai ƙarfe 10 na safe. In awa biyar ya yi, zai sauka ƙarfe 5 na yamma agogon Jidda. A watan Mayu ko Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 7, don haka alhaji yana da damar yin Azahar da La'asar a ƙasa, da alwala, a tsaye, in ya gaggauta. In kuwa awa takwas ya yi, sai ƙarfe 8 na dare zai sauka. Azahar da La'asar sun shiga sun fita yana sama, Magariba ma ta same shi a can. Wanda aka koya masa cewa ya bari sai an sauka, ya fitar da salla biyu daga lokacinsu ba tare da ya sani ba.

Saboda haka dole a koya wa mutane salla a jirgi. Ya hau da alwalarsa. In ta warware kuma ya kasa sabuntawa, ɗan dutsen taimama a jakar hannu yana raba gardama, domin a wajen Malikiyya taimama da abin da yake jinsin ƙasa ake yi, kujerar roba ba ta ciki. In ya samu wurin tsayuwa kuma ma'aikata sun yarda, ya tsaya. In babu, ya yi a zaune da nuni, sujada ta fi ruku'u ƙasa. Game da haɗa salla biyu, abin da ke cikin Muhtasar na Halilu shi ne rangwamen na tafiyar tudu ne ban da ta ruwa, amma sauran mazhabobi ba su bambanta ba, kuma mafi yawan masu fatawa na wannan zamani sun halatta wa matafiyin jirgin sama. Alƙibla ma ta canza. A miƙaƙƙiyar hanya tana kusan gaban jirgi daga tashi har sauka. A zagayen kudu kuwa, awanni da yawa tana hannun hagu, ba ta dawowa gaba sai an juya arewa daga Habasha. Allon da ke gaban kujera yana nuna inda aka dosa, a koya wa masu jagorancin rukuni karanta shi.

Sai mikati, wanda shi ne mafi hatsari. Wanda jirginsa zai sauka Madina hankalinsa a kwance yake, a Zul-Hulaifa zai ɗaura harami ranar da zai nufi Makka. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, hukuncinsa yana bin hanyar da jirgi ya biyo. Mai gangarowa ta Masar yana daidaita da Juhfa, kusa da Rabig, wajen kilomita 180 daga Makka. Mai haurowa daga Habasha yana daidaita da Yalamlam, mikatin mutanen Yaman, wajen kilomita 100 kudu da Makka. Mai ƙetarowa kai tsaye daga gaɓar Sudan kuwa, tun da can malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ambaci mai tahowa daga Sawakin, suka ce yana isa Jidda kafin ya daidaita da wani mikati, don haka a Jidda zai ɗaura. Wasu malamai, irin su Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar da Shaihu Mustafa Zarƙa, sun faɗaɗa wannan ga duk mai zuwa ta sama. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ba ta karɓi faɗaɗawar ba, ta ce mai wucewa ta saman mikati ko daidai da shi ya ɗaura a nan. Abin lura shi ne, hujjar Sawakin da wasu ke dogara da ita ta mai miƙaƙƙiyar hanya ce. Jirgin da ya hauro daga kudu ya bar wannan mas'ala baya. Jirgi kuma yana cin kilomita 15 a minti ɗaya. Kafin dattijo ya gane sanarwar da aka yi da Larabci ko Turanci, an wuce. Abin da na fi natsuwa da shi: a yi wanka a sa tufafin harami tun a Yamai, ko a sa na ƙasa a riƙe mayafin a hannu, sannan a yi niyya da talbiyya da ɗan sauran lokaci kafin daidaitawa. Gabatar da harami kaɗan kafin mikati ya inganta, ko da an karhanta shi, wuce mikati ba harami kuwa yana jawo yanka.

Jiki ma yana da haƙƙi. Na san halin tsofaffinmu: don kada alwala ta warware, ko don tsoron ban-ɗakin jirgi, sai su ƙi shan ruwa tun daga sansani. A awa biyar ana iya jurewa, a awa takwas bayan kwanan jira abin ya zama cuta, balle ga mai ciwon suga ko hawan jini. Dogon zama ba motsi yana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa. Sannan ƙasar da za a sauka, a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce sama da mutum 1,300 sun rasu. Bai kamata mutum ya isa can a bushe ba. Ya sha ruwa, ya miƙe ya taka kowace awa ɗaya ko biyu, maganinsa ya kasance a jakar hannu ba a cikin kayan da aka auna ba. A nuna wa mutane yadda ake buɗe ƙofar ban-ɗakin jirgi da yadda ake rufe ta a wurin bita; abin dariya ne a baki, amma shi ke hana wata tsohuwa tashi daga kujera.

Abin da nake roƙon hukumar COHO da masu ajans-ajans, da takwarorinsu na Kamaru da Cadi da Gana, ba mai tsada ba ne. Kamfanin jirgi ya san hanyar da ya nemi izini tun kafin ranar tashi. A karɓo wannan bayani a rubuce a raba wa malaman bita da shugabannin rukuni: ta ina za a bi, awa nawa ake sa ran yi, Madina za a sauka ko Jidda, wane mikati za a daidaita da shi, kuma ƙarfe nawa a agogon Nijar, tunda agogon hannun alhaji bai canza ba tukuna. A kowane sawu a sa mutum ɗaya da zai maimaita sanarwar matuƙi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. In an sanar da kuɗin kujera, a ware kuɗin jirgi daban, a faɗi nawa ne a ciki aka ƙara saboda zagaye, a kuma rubuta a yarjejeniya da kamfani cewa ranar da aka buɗe saman Sudan aka koma miƙaƙƙiyar hanya, wannan ƙari zai fita daga lissafi.